Yadda Ake Samun Rumfar Biki Ba Tare da An Sayar da Aƙida Ba

In ka bi matakan nan, ko jam'iyyarku ta sha ƙasa, za ka fita da mutuncinka, baƙinka kuma ba za su jiƙe ba. Na ga an gwada a tsibirinmu da ke ƙasar Filifin.

Mang Berting masunci ne, ɗan jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi tun daga kakansa. Bikin 'yarsa ya faɗo cikin damina, babbar rumfa kuwa magajin gari kaɗai ke da ita. Shi kuma ya kwashe garin kaf ya koma jam'iyyar da ta ci zaɓe, kuma ba ya ba da aro sai ga wanda ya yi rantsuwar shiga.

1. Riƙe tarihi

Ka ce jam'iyyarku ta girmi titin garin, ta haifi shugabannin ƙasa. In an tambaye ka aƙidarta, ka ce 'yanci, sannan ka dubi teku. Ni ma na taɓa ganin ƙaguwa mai tafiya gaba sak. Ba ta yi tsawon rai ba.

2. Saurari matarka

Berting ya ce gara ya mutu da ya sauya sheƙa. Aling Saling, uwargidansa, ta ajiye tukunyar shinkafa.

"Kai tsoho, mutu mana! Makoki ma ai rumfar ake aro. Ko 'yancin naka ne zai tare wa surukai ruwa?"

3. Kada ka ƙona tsohuwar riga

Saka rawayar rigar jam'iyyarku daga ciki, ka ɗora sabuwa a kai. Aƙida ba ta son rana.

4. Ɗaga hannu

A filin ƙwallon kwando ake rantsar da jama'a. Ɗaga hannun dama, a ranka ka ce sauro kake kora. Haka Berting ya yi, idonsa cike da ƙwalla, yana jin shi ne mutum na ƙarshe mai amana a tsibirin.

5. Kada ka kalli wuyan kowa

Nan Berting ya yi kuskure. Zafi ya tsananta, maza suka fara ɓalle maɓalli. Rawaya a wuyan mai aski, rawaya a wuyan mai yankan alade. Magajin gari ya zo gaisawa, gumi ya manne masa riga, tasa ma ta bayyana.

Magajin garin ya raɗa wa Berting, "Aminina, gyara wuyanka. Zaɓe ai dawowa yake. Gobe ka turo a ɗauki rumfa."

An sha biki, ba wanda ya jiƙe. Berting dai bai yi rawa ba. Ya zauna a gefe yana cewa in kowa shi ne na ƙarshe mai amana, to shi wane ne?

Gargaɗi: wanda zafin riga biyu ya sumar, ko ya manta wacce ce ta ciki, ya nemi mai rumfa. Ni ajin firamare ma ban gama ba.