Wa Ke Taɓa Min Tsakuwar Kifi?

Wani magini ne, irin mutanen nan da ko tabarma suka gani a karkace sai sun tashi sun gyara. Wata rana ya je aiki wani gida, ya ga kifayen ado cikin akwatin gilashi. Abin ya shiga ransa. Da aka tashi aiki bai zame ko'ina ba sai shagon masu sayar da su.

Mai shago ya nuna masa wasu shuɗaye masu zane-zane. "Waɗannan siklid ake ce musu, dangin karfasa ne. Sai dai suna da wata ɗabi'a, tsaya in gaya maka..."

"Kai, bar shi! Kifi ne ko injin jirgi? Ruwa da abinci, shi ke nan. Zuba min biyar."

Ya haɗa da akwatin gilashi, ya kawo su gida. Ya shimfiɗa tsakuwa a gindin akwatin, ya daidaita ta sumul kamar daɓen ɗaki. Ya dasa ciyayi a layi, har da awo da zare. Ya sa kifi, da gari ya waye ya tafi aiki.

Da yamma ya dawo, sai ya ga rami a tsakiya, tsakuwa ta taru a kusurwa, ciyayi na yawo a saman ruwa. Kifayen kuwa suna ganinsa suka taho jikin gilashi neman abinci, kamar ba su san komai ba.

Ya ƙwala wa matarsa kira. "Ke! Wa ya sa hannu a nan?"

"Wane hannu? Ni da ko ƙarnin kifi ba na so?"

"Daga ni sai ke a gidan nan. Ni kuma ina bakin aiki."

Ya sake daidaitawa. Washegari rami biyu. Ya sayo kwaɗo ya garƙame murfin, ya sa makulli a aljihu. Ya dawo ya tarar da rami uku, har an tone ƙarƙashin dutse.

"Iye! Har makulli kika yanka?"

"Maigida, lafiyarka kuwa?"

Rana ta huɗu ya barbaɗa garin siminti a ƙasa kewaye da teburin da akwatin kifin ke kai, wai don ya kama sawun ɓarawo. Baiwar Allah ta ga datti a falo, ta share tas. Gogan naka ya dawo, ba siminti, ga rami.

"Shi ke nan! Kin goge shaida!"

Nan fa ranta ya ɓaci sosai. Ta haɗa akwatin kayanta, ta buga wa mahaifinta waya tana kuka, ta ce ya zo ya tafi da ita. Tsoho ya iso, ya zauna kujerar da ke fuskantar kifin, ya saurari kowa.

Magini ya durƙusa. "Baba, shekara bakwai ban taɓa kawo ƙararta ba. Amma wannan zalunci ne. In daidaita, ta tone. In daidaita, ta tone. Ta amsa laifinta kawai, a wuce wurin."

Tsoho ya ƙura wa gilashin ido. Can sai babban kifin ya sulala ƙasa, ya cika baki da tsakuwa, ya je kusurwa ya tofar. Ya dawo ya ƙara. Ya kama wata ciyawa, ya fizge ta.

Tsoho ya ce, "Ɗana, ɗago kanka ka ga."

Ya ɗago. Kifi ya sake cika baki, ya sake tofarwa.

Matar ta ajiye akwatin kayanta, ta riƙe ƙugu. "To, sai ka faɗa a gaban Baba. Wa ke taɓa maka tsakuwa?"

Magini ya daɗe yana kallon kifin. Sannan ya juyo ga surukinsa, ya tafa hannu.

"Baba, ka gani ko? Har ta koya masa!"