Igiyar Hawainiya a Ɗakin Kaka Lois

Saura kwana shida Kirsimeti, Kenneth ya faka babur a ƙofar gidan kakarsa a Herwagana, da kwali ɗaure a baya. Shi ne jikan Kaka Lois na fari, malamin firamare ne a Kwadon, kuma tun yana goye take kiransa mijinta. Ya same ta a baranda tana ɓare gyaɗa, ya dire kwalin a jikin ƙafarta, ya gaishe ta.

"Lafiya lau muka wuni, sai takaicin miji marar amfani," in ji ta. "Wata biyu ban ji ɗuriyarka ba, yau ka faɗo min da kwali. Saki ka kawo ko biko?"

"Biko, amarya. Na zaga Gombe kaf ban samu mai ƙarancin haƙori irinki ba, na ce gara in dawo gida."

"Haƙoran nan huɗu sun fi naka talatin aiki. Buɗe. In ba atamfa ba ce, kama hanyar Kwadon."

Ya zaro wata doguwar waya mai ƙananan ƙwayaye jere a jiki, ya ɗora mata a cinya. Ta shafa ta daga wannan kai zuwa wancan.

"Igiyar shanya? Duk matan duniya ana kai musu zane, ni an kawo min inda zan shanya wanda ba a saya ba."

"Fitilun ado ne, Kaka. Ƙwai ɗaya sai ya yi ja, ya koma kore, ya koma shuɗi, duk launin da kike so."

"Ƙwai ɗaya?"

"Ɗaya tal."

"To hawainiya aka yanka aka jera a waya. Ba ka tsoron Allah? A gidan 'yar zumuntar mata za ka rataya abin da ba shi da magana ɗaya?"

"Ai shi ya sa na ga ya dace da ke. Tashi mu shiga ɗaki. Ba a ratayawa sai an gwada, kar in gama hawan katanga a tarar rabi matacce ne."

"Da na san wannan dabarar, da kai ma sai na gwada ka kafin in ɗauka."

Suka shiga. Kenneth ya tura ƙofa, ya saki labule don ɗakin ya yi duhu, ya jona wayar a soket. Ya ɗauko rimot ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ya bubbuga shi a tafin hannu.

"Ya kama?" ta tambaya.

"Yana zuwa."

"Daga ina? A ƙafa yake tahowa? In ɗora masa tuwo?"

"Ki bar ni in yi tunani."

"Kar ka fara yau, jikinka bai saba ba."

Can ya gano wata 'yar leda da aka maƙale a bakin batir, ya fizge ta. Yana dannawa ɗakin ya ɗauki walƙiya, ja da shuɗi suna bin juna a guje. Kaka ta dafe ƙirji.

"Yesu Mai Ceto! Kashe! Ka mayar min da ɗaki motar 'yan sanda! Yanzu maƙwabciyata A'i ta leƙo ta katanga, kafin magariba an gama yaɗawa cewa an zo kama ni."

"Da wane laifi?"

"Auren ƙaramin yaro marar hankali."

Ya danna wani maɓallin, fitilun suka lafa suka koma ruwan ɗorawa. Sai ga cara daga ƙarƙashin gado, har sau biyu. Kenneth ya yi tsalle ya bugi kwanon sha.

"Kaka! Mene ne wannan?"

"Zakaran Kirsimeti ne. Nan na ɗaure shi saboda masu dogon hannu irinka. Ga shi ka ruɗa shi, yana zaton gari ya waye."

Kenneth ya mayar shuɗi, zakara ya yi tsit. Ya mayar ruwan ɗorawa, zakara ya sake cara. Sau uku yana yi.

"Kwana uku ke nan ka ƙara mana a zaune," in ji Kaka. "Ka ci gaba, kafin la'asar mun ci Kirsimeti mun shiga Ista. Miƙo abin nan."

Ta lalubi rimot ɗin, ta auna shi da shi, ta danna da ƙarfi.

"Me kike yi?"

"Canza ka nake. Ina ne maɓallin likita? Ko na mai mota?"

"Wannan na kore ne."

"To ka zauna a koren, ya fi maka kyau. Kamar ɗanyen mangwaro."

Yatsanta ya zame ya faɗa kan ja. Launin ya tsaya cak, ya cika ɗakin. Kaka ta ajiye rimot ɗin. Ta jawo wayar kusa da fuskarta, sannan ta ɗaga ta wajen fuskar Kenneth.

"Matso," ta ce.

Ya durƙusa a gabanta. Kusan shekara ke nan yanar ido ta rufe mata gani, mutane sai dai ta gane su da murya. An ba ta ranar aiki bayan sabuwar shekara, ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido, katin asibitin ma wai akuya ta cinye. 'Ya'yanta sun yi lallashi har sun gaji.

"Wannan jan ina ganinsa," ta ce a hankali. "Ƙwai-ƙwai, har ina iya bin su da ido. Kai ma ga ka nan, dishi-dishi."

Kenneth ya ƙara matso da fuskarsa. "To ya kika ga angon naki?"

"Na yi nadamar dubawa. Yaushe hancin nan ya ƙara fili haka?"

"Rabinsa ma kika gani. Sauran yana nan, sai wanda likita ya wanke wa ido."

"Akwai saura?"

"Ga kunnuwa, ga sanƙo ya fara. Ke kaɗai ce a Herwagana ba ki more kallo ba. Kuma in na rataya igiyar nan a katanga, yaran coci su zo waƙa, kowa ya ga launi bakwai, matar gida ta tashi da ɗaya."

"Ɗan banza. Uwarka ce ta aiko ka."

"Hawainiya ce ta aiko ni. Ina tukuicina?"

Kaka ta fashe da dariya har tana tari. Ta cusa hannu cikin rigar matashi, ta zaro wani kati da ya sha lanƙwasa, ta manna masa a ƙirji.

"Ungo. Akuyar ta yi amai. Ka zo da wuri ranar, kuma ka wanke babur ɗin nan. In dai zan buɗe ido in ga irin mijin da na aura, gara in gan shi da kyau in san abin da zan faɗa wa Fasto."