Yuraniyom a Gwangwanin Madara

Wani mutum ne a Madawa ana ce masa Arzika Na-Arlit. Kai, in dai cika baki ne, ba a kai shi ba! Ya taɓa zuwa Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom, amma wankin mota ya yi a tasha, ko bakin ramin bai taɓa leƙawa ba. Da ya dawo gida kuwa, in ka ji shi sai ka rantse da farcensa aka haƙa ramin.

Ana nan sai ya ƙyalla ido ya ga Tasalla, wata bazawara mai sayar da fura. Son ta ya kama shi, ba na wasa ba. Ita ma ba ta ƙi ba, ta dai ce ya je ya ga mahaifinta, Baba Nomau. Tsohon nan kuwa ba ya ba da 'yarsa ga mai zaman kashe wando, ga shi Arzika ko kaza bai ajiye ba.

Lokacin rediyo ba ta da zance sai na yuraniyom. Manyan ƙasashe na ta gina tashoshin nukiliya don wutar lantarki, kowa na rububin ya samu. Arzika ya taɓa jin cewa in an tace shi gari ne rawaya. Sai gogan naka ya faɗa kasuwa, ya auno garin ɗorawa, ya ɗura a gwangwanin madara, ya naɗe da tsumma. Ya zuba riga ta aro, sai zauren Baba Nomau.

Ya tarar da dattawa cike da zaure. Bayan gaisuwa, ya ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Baba Nomau ya ce, "Mene ne wannan, Arzika?"

"Baba, abin da duniya ke kokawa a kai ke nan. Yuraniyom! Faransa ta kira ni, na ce ina wanka. Sin ta kira, na ce ta bi layi. Rasha kuwa har kuka take mini a waya."

Dattawa suka ce, "Ikon Allah!" Suka matso.

Da a nan ya tsaya, wallahi da an sa rana. Amma ina! Bakin Arzika ba shi da birki.

"Cokali guda ya isa ya haska Yamai har ta gaji da haske. Ƙarfinsa fa, Baba, wanda ya kwana kusa da shi gashin kansa zubewa yake, haƙora su bi baya. Haihuwa kuwa, sai dai ya ga ana yi!"

Dattawan da suka matso suka fara ja da baya da gindi.

Baba Nomau ya ce, "To kai a ina kake ajiye shi?"

"Ƙarƙashin matashina, Baba! Tun da na dawo ban taɓa rabuwa da shi ba."

"Ɗakin da za ka kai mini 'ya ke nan? Ni da nake son ganin jikoki? Tashi ka bar mini gida! Kai, a kira jandarma!"

Arzika ya zabura. Ga Tasalla na shirin suɓuce masa, ga jandarma.

"Baba, tsaya! Wasa nake, wallahi garin ɗorawa ne!"

"Ɗorawar ce Rasha ke yi wa kuka?"

"Na rantse! Bari ku gani."

Ya ɓalle murfi, ɓas! Dattawa suka yi ƙofa a guje, wani ya bar takalmi, wani ya taka rawanin ɗan'uwansa. Arzika ya bi su waje yana roƙo, ya dumbuzi garin ya watsa a baki don su yarda. Busasshen gari ya sarƙe shi. Ya yi tari, fuuu! Ƙura rawaya ta turnuƙe ta baki da hanci.

Wani tsoho ya kurma ihu, "Ya fashe! Jama'a, ya fashe!"

Unguwa ta kaure. Masu gudu na yi, masu salati na yi. Arzika na durƙushe yana shaƙuwa, hawaye shaɓe-shaɓe, gemu ya koma rawaya.

Hayaniyar ce ta fito da Tasalla daga cikin gida, ludayi a hannu. Ta dube shi, ta dubi gwangwanin. Ta sa yatsa ta lakato, ta ɗanɗana, ta tofar.

Ta ce, "Baba, a bar jandarma su huta. Ɗorawa ce, ita ma ta bara, har ta yi ƙwari. Mutumin da ko ƙarya zai yi sai ya sayo ta arha, shi ne zai ciyar da ni?"