Tayoyin Ƙanƙara Biyu a Motar Lefe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na isa ƙofar gidan surukan abokina da baya ba, ni da mota da dattawa biyu da akwatunan lefe. Har yau idan na ga taya mai zanen dutse da ƙanƙara a gefenta, sai in kau da kai kamar na haɗu da wanda ya san asirina.

A lokacin ban daɗe da gama digiri a nan China ba, na samu aiki a ofishin Alhaji Sabo da ke unguwar Sanyuanli a birnin Guangzhou, mai tura wa 'yan kasuwar Kano kayansu gida. Ni ne tafinta, ni ne kuma direba idan ta kama, don ni kaɗai ke da lasin tuƙi na ƙasar. Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa ni mutum ne mai tsoron kuskure. (Idan ka tambaye ni ƙarfe nawa, sai na duba agogo na duba waya, sannan in ce maka "ina jin kamar".)

Abokin aikina Nasiru ya daɗe yana cin taliya a wani shagon Musulmin China da ke bayan ofis, har cin taliya ya zama neman aure. Yarinyar sunanta Amina, 'yar ƙanwar mai shagon ce, iyayenta kuma suna can wani ƙauye a kan duwatsun Guizhou. Mahaifinta, Dattijo Ma, bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi shi ba ya ba da 'ya ta waya, yana son ya ga manyan yaron da idonsa. Saboda haka auren Nasiru gaba ɗaya ya rataya a kan yadda za mu bayyana a ƙofar gidan nan.

Alhaji ya tsaya a matsayin uba. Hajiya Balaraba, wata 'yar kasuwar Kano da ta san kowane lungu na kasuwar tufafi ta Baima, ita ta haɗa lefe, ta kuma yanke hukuncin cewa tafiya ɗaya za a yi, a nemi aure a ajiye kaya. "Ba Fagge ba ce da za mu yi ta zarya," in ji ta. Da aka kawo maganar jirgin ƙasa ta ce ita ba za ta ja akwatunan amarya a tasha kamar masu ƙaura ba. Don haka aka tsayar da ƙaramar bas ɗin ofis. Nasiru kuwa, a matsayinsa na mai neman aure, aka ce ya zauna a Guangzhou ya yi ta addu'a.

Tsakiyar hunturu ne. Amina ta aiko da gargaɗi cewa hanyar garinsu tana daskarewa, lalle a sa wa motar tayoyin ƙanƙara. Mu kuwa a Guangzhou ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin firji. Kowa ya juyo ya kalle ni.

Na ɗauki aikin kamar jarrabawa. Na zagaya shagunan taya na unguwarmu, kowane ya ce mini "meyo", wato babu. Wani laoban ma, mai shago kenan, ya leƙa sama ya kalli rana, ya dawo ya kalle ni, ya ci gaba da shan shayinsa. Dole sai dai a yi oda daga arewacin ƙasar. Na karanta duk abin da na samu, na gano robar tayar ƙanƙara ba ta ƙagewa a sanyi, shi ya sa take riƙe hanya. Na kuma gano iri biyu ne suka dace da motarmu: ɗaya sananniya ce, kowa na yabonta, amma tsadarta na sa mutum ya nemi wurin zama, ɗayar mai araha ce, sunanta ma ban taɓa ji ba. Kuma ko'ina na duba an rubuta ɓaro-ɓaro cewa huɗu ake sawa gaba ɗaya. Ba zan ce ban gani ba. Na gani, har na ja layi a ƙarƙashinsa.

Na kai wa Alhaji bayani. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam Tafinta, tayar da za a yi tafiya ɗaya da ita a jingine? Ka ce ma zafin garin nan cinye ta yake. Ka duba mai sauƙi, kada ka yi mini almubazzaranci."

Ina fitowa Nasiru ya tare ni a matakala. "Mutumina, don Allah ka sayi mafi kyau. Rayukan mutane ne fa." Ya matso kusa da ni. "Da aurena."

To, a nan halina ya yi aikinsa. Mai arahar na ji tsoronta, mai tsadar na ji tsoron fuskar Alhaji. Mai hankali da sai ya koma ya ce, "Alhaji, huɗu masu kyau ko a fasa zuwa da mota." Ni kuwa sai na nemo hanyar da ba zan ɓata wa kowa ba. Na yi odar mafi kyawun, amma guda biyu, na sa aka ɗaura su a gaba. Na lallashi kaina da hujja mai daɗi: ai tayoyin gaba ne ke jan motar, su ke juya ta, na baya kuwa bi kawai suke yi kamar mamu a bayan liman. Na ce wa Alhaji an samu sauƙi sosai. Na ce wa Nasiru an sa mafi kyau. (Ka lura, ban yi wa kowa ƙarya ba. Wannan ne ya sa na yi barci lafiya.)

Ranar tafiya, bayan an gama loda akwatuna, har lacca na yi. Na durƙusa a gefen tayar gaba ina nuna wa Alhaji da Hajiya zanen dutsen nan da ƙananan tsagogin da ke kama ƙanƙara. Maƙwabtanmu 'yan Nijar da wani ɗan Gana mai tura kaya duk suka taru suna gyaɗa kai. Hajiya ta ce, "Kai, ilimi daɗi. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Na amsa da amin, na kuma tabbata jikina ya tare tayar baya.

Mun kwana a hanya. Washegari muka fara hawan duwatsu, gari ya yi fari, itatuwa suka zama kamar an zuba musu gilashi. Hajiya ta lulluɓa da bargo har ido kawai ake gani. Motar kuwa tana hawa tsaf, ba santsi ba gargada. Har muka wuce wata mota da ta maƙale a gefe. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga amfanin shawarata? Ga sauƙi, ga aiki." Ni ma a raina na fara tunanin ƙila masu rubuta huɗun nan so suke kawai su sayar da taya.

Gidan su Amina yana ƙarshen wata gangara ce mai ɗan lanƙwasa. Daga sama muka hango su: Dattijo Ma da farar hularsa, 'yan'uwansa, mata da yara, duk sun fito cikin sanyin nan suna jiranmu. Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa. Hajiya ta yaye bargo ta gyara mayafi. Ta ce, "Ka shiga da mu a hankali, cikin mutunci."

Na taka birki kaɗan, na juya sitiyari. Gaban motar ya bi umarni kamar yadda aka yi alkawari. Bayan kuwa ya ce shi bai san da wannan magana ba. Mamu ya wuce liman. A hankali, ba gudu ba ƙara, na ga gidan ya bar gabana ya koma tagar gefe, na ga dutse, na ga hanyar da muka fito. Hajiya tana salati da ƙarfi, hular Alhaji ta faɗo kan giyar mota, ni kuma na ƙanƙame sitiyari ina ba shi haƙuri. Muka sulale da baya har sai da motar ta daki tarin itacen girki da ke jikin katanga. Itace ya zube, kaji suka watse, ƙofar baya ta buɗe, akwati ɗaya ya zamo ya fashe. Atamfofi da leshi da takalman amarya suka baje a kan farar ƙanƙara, a daidai ƙafafun surukai.

Hajiya ce ta fara magana. "Kowa lafiya? To alhamdulillahi. Ka ma sauƙaƙa mana sauke kaya."

Mutanen gida suka rugo. Dattijo Ma ya yi mana sallama, ya riƙe hannun Alhaji ya fito da shi, ya tambaya ko wani ya ji ciwo. Mata suka hau tsince atamfa suna kakkaɓewa. Da ya tabbata ba wanda ya ƙwarzane, sai ya zagaya motar don ya ga ɓarnar. Ya tsaya a gaba, ya koma baya, ya sake dawowa gaba. Sannan ya yi tambaya, ba da faɗa ba, irin ta wanda abu ya ɗaure wa kai.

Alhaji ya juyo gare ni. "Me ya ce?"

A duk faɗin ƙauyen nan ni kaɗai ke jin Hausa da Sinanci. Da na ce, "Ya ce sannunku da hanya," babu mahalukin da zai ƙaryata ni. Na buɗe baki da niyyar haka, amma ya ƙi fita.

"Ya ce... ina jin kamar cewa ya yi, me ya sa aka sa wa gaba tayar ƙanƙara aka bar baya da ta zafi. Kuma wa ya yi wannan aikin."

Alhaji ya sunkuya ya kalli tayar baya, wadda ya fara gani a ranar. "To, ba shi amsa mana."

Na ce wa Dattijo Ma da Sinanci, "Ni ne." Na juya na ce wa Alhaji da Hausa, "Na ce masa ni ne." Ban san ko akwai wanda ya taɓa tona wa kansa asiri da harshe biyu a tsaye ɗaya ba, amma ni na yi.

"Ba ce mini ka yi an samu sauƙi ba?"

"An samu, Alhaji. Guda biyu na saya."

"Ka san huɗu ake sawa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Na jira saukar aradu. Na riga na ga Nasiru ya rasa mata, ni na rasa aiki. Alhaji ya karɓi hularsa daga hannun Hajiya, ya kakkaɓe ta, ya ɗora a kai. Ya ce, "Gaya masa laifina ne. Yaron ya zo mini da bayani, ni na matsa masa a kan kuɗi."

"Alhaji, ai ba haka..."

"Fassara aka ɗauke ka yi ko gardama?"

Na fassara.

Aka shiga da mu ciki, aka zaunar da mu kusa da murhu, aka kawo shayi mai dabino da farfesun rago. Alhaji ya gabatar da buƙatarmu yadda ake yi a gida, ni ina juyawa. Dattijo Ma ya daɗe yana kallon kofinsa, sannan ya yi doguwar magana. Ya ce abin da ya hana shi barci shi ne 'yarsa za ta shiga cikin mutanen da bai san halinsu ba, idan ta yi kuskure a can wa zai tsaya mata. Ya ce yau ya ga babba ya ɗauki laifin na ƙasa da shi a gaban baƙi. Ya kuma nuna ni ya ce wannan da ya ga dama da ya ɗora wa ƙanƙara laifin, ba mai ganewa. Ya ce ya ba Nasiru Amina.

Da na zo fassarawa sai na tsallake wurin da ya shafe ni, na ce, "Ya amince."

Hajiya ta harare ni. "Bawan Allah ya yi magana kamar huɗuba, ka ba mu kalma biyu? Nan ma biyu za ka ɗaura ka bar biyu? Zubo mana duka."

Na zubo duka, kaina a ƙasa. Hajiya ta rangaɗa guɗa har matan gidan suka firgita, sannan suka fashe da dariya. Da na kira Nasiru na gaya masa, kabbara ya yi ta yi, bai ko tambayi yadda hanya ta kasance ba. Hajiya ce ta ba shi labarin daga baya, da ƙarin gishirinta.

Ba su bar mu mun tafi ba sai da yayyen Amina suka sauka gari suka samo mana wasu tayoyin biyu irin na gaba. Alhaji ya biya, kuma har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba. Na yi masa godiya a hanyar dawowa, ya ce in kalli titi. Idan na tuna cewa da a kan wata gangarar ce ta sama, inda babu tarin itace sai rami, sai in gode wa Allah, in gode wa mutanen nan da suka fara tambayar lafiyarmu kafin tayarmu.

Abin da na koya shi ne, ba kowane lokaci tsaka-tsaki ke zama tsira ba. Na ji tsoron fuskar mutum ɗaya na minti kaɗan, sai na ɗauki dattawa biyu na hau dutse da su a kan rabin shawara. Yanzu idan abu huɗu yake buƙata, huɗu nake faɗa, ko murya na rawa. Duk hunturun da Nasiru zai kai Amina ganin gida, ni nake kai motar a ɗaura tayoyin. Kafin su tashi yakan zagaya ta yana taɓa kowace taya da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa tambayarsa abin da yake nema ba.