Ranar da Honarabul Barmo Ya Miƙe

A wani gari da ake kira Haka-Muka-Tarar, da an ambaci Honarabul Barmo sai ka ji an ce, "Ai wannan mutum ne, ba ya motsi." Mahauta suna yabonsa da cewa tunda suka zaɓe shi ko ƙugiyar rataye nama ba a sauya musu ba. Matarsa, Hajiya Tabawa, takan ce ko butarsa aka gusar sai ya kwana yana fushi.

A Majalisar Sai-An-Duba ƙuri'a ba ta da wuya. Mai goyon baya ya miƙe, mai ƙi ya ci gaba da zama. Barmo ya shigo tun da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Jam'iyyar A-Bar-Shi-Haka, ya zauna, bai kuma tashi ba. A zaune ya kayar da ƙudurin famfo, don kakanni da ruwan tafki suka girma. A zaune ya kayar da na fitilun titi, don duhu yana koya wa yara komawa gida da wuri. Har kujerar ta ɗauki siffarsa, ana kawo 'yan makaranta su gani.

Rannan aka kawo ƙudurin gada a kan Kogin Ci-Mutum, wanda ya raba mazaɓarsa da asibiti. Ƙuri'a ta zo kankankan. Ana cikin ƙirga sai cinnaka ya shiga wandon Barmo, ya gantsara masa cizo a inda ba a faɗa. Ya yi zumbur ya miƙe.

"Ƙuduri ya wuce," in ji kakakin majalisa, ya buga guduma.

"Ranka ya daɗe, cinnaka ne."

"Cinnaka ba shi da mazaɓa, Honarabul. Kai muka ƙirga."

Aka gina gada. Da damina ta yi tsakiya, naƙuda ta yi wa 'yarsa Lantana gardama, aka ƙetare da ita ta kan gadar, ta sauka lafiya, yaro ya ci sunan kakansa. Daga nan Barmo yakan sa direba ya bi ta gadar ko ba hanya ba ce, ya ce masa ya rage gudu.

Da zaɓe ya matso, shugaban jam'iyya, Alhaji Mati, ya zo har gida.

"Honarabul, tikitinka yana rawa. Ɗankaka mai neman kujerarka, gidansu ya kama wuta yana zaune bai tashi ba. Jama'a sun yaba."

"Shugaba, gadar nan fa ta ceci rayuka."

"Ai nan matsalar take. Yanzu wasu har sun fara tambayar famfo. Ka fito ka nemi gafara, ko mu ba Ɗankaka tikitin."

Da ya tafi, Tabawa ta leƙo daga ɗaki. "Alhaji, me za ka ce musu?"

"Gaskiya zan faɗa. Cinnaka ne."

"To Allah ya yi wa cinnakan albarka. Shi ya kamata mu zaɓa."

A bakin gadar aka yi gangami, don nan kaɗai ne babu laka a garin. Mutanen ƙetare suka tuttulo ta kanta, ƙafafunsu a bushe, suna ta "A bar shi haka!" Aka ɗauko Barmo a kan kujerarsa aka ɗora bisa dandamali, kada a sake ganinsa a tsaye.

Can a cikin taro ya hango Lantana da takwaransa a goye. Ya dube su, ya dubi gadar. Sannan ya dubi Ɗankaka, wanda ke zaune gefe kamar an dasa shi. Ya gyara murya, ya ƙanƙame hannun kujera.

"Jama'a, ku yafe mini," in ji shi. "Sau ɗaya na amfane ku, kuma wallahi ba da gangan ba ne. Ba zan ƙara ba."