Ƙirjin Uwar Ango

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Rifkatu a Manchok ba, ko da yake ita ta ce ta yafe mini.

Tun da Babanmu ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na kasuwar Kafanchan, mutane suka kewaye shi suna ta yayyafa masa ruwa har rai ya yi halinsa, na kamu da kallon wani fim ɗin asibiti mai dogon zango a talabijin. Kullum sai wani ya faɗi, likita ya haye kansa yana danna ƙirji, ya farfaɗo. Na yi ta gwadawa a kan filona har ya baje. (Ni da ko allura aka zaro sai na kawar da kai.)

Ranar bikin ce farkon shigata coci. Ina zaune can baya da hijabina, fasto ya ɗora wa uwar ango hannu yana addu'a, sai na ga matar ta sulale ƙasa, idonta a rufe. Wata ta lulluɓe mata ƙafafu da zane, sauran kuwa waƙarsu kawai suke yi. Na ce shi ke nan, irin na Baba za a maimaita.

Ban san lokacin da na tsallake benci uku ba. Na durƙusa na fara dannawa da iya ƙarfina, ina ihu a kawo mota. A dannawa ta biyar ta buɗe ido ta damƙe hannuna.

"Yarinya, wa ya aiko ka? Ruhu Mai Tsarki ya sauko mini, kai kuma ka zo ka karya mini haƙarƙari?"

Mai ganga ya tsaya cak. Amarya da kanta ta ja ni gefe, ta raɗa mini cewa a cocinsu haka ake faɗuwa in addu'a ta ratsa mutum, zanen kuma na sutura ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wajen cin abinci uwar angon ta sa aka kira ni, hannunta dafe da ƙirji. Na ba ta labarin Baba. Sai ta turo mini kwalbar lemonta.

"In na faɗi a kasuwa, ka zo da gudu, 'yata. A coci kam, ka tambaya tukuna."

Da na koma gida na sake kallon fim ɗin. Ashe likitan ba ya taɓa ƙirjin kowa sai ya duba ko yana numfashi. Ni dannawar kawai na haddace.