Ruwan Malam Buba

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai ba. Lokacin ina sabon duba-gari a Bauchi, ga gajeren wandon kaki, ga kai ya kumbura kamar zai fashe. Abu ɗaya na haddace a wajen horo: ruwa mai tsabta ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Da wannan karatun nake bin randunan mutane, burina kawai a ji tsorona. (Allah Ya yafe mini, har tsohuwata na sa ta zubar da randa guda.)

Wata rana da hantsi na faɗa wani gida a Ƙofar Ran. Dattawa cike da zaure, amma ko tari babu. Na yi sallama, suka amsa ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ɗago. Na ce a raina, ka ga kwarjini! Tsakar gida ma haka: murhu a mace, ba yaro ba kaza, mata sun dunƙule a lungu. Amma girman kai ya tura ni gaba.

A ƙofar wani ɗaki mai asabari na ga sabuwar tukunya rufe da faifai. Na buɗe, ruwan ya yi kore-kore. Wani dattijo da ya biyo ni ya ce a hankali, "Malam duba-gari, bar wannan."

"Baba, aikin hukuma ne. Ruwan kirki ba shi da ɗanɗano, yanzu za mu gani."

Na kurɓa. Ɗaci-ɗaci, da wani ƙamshi mai sanyi da na sani amma na rasa a ina. Na ce, "Wa ke shan wannan?" Na sake cika baki don in tabbatar.

"Ba mai sha, ɗana. Magarya ce da kafur. Na Malam Buba ne, kai muke jira ka matsa mu yi masa wanka."

Iska ta ɗaga asabarin, na hango tafin ƙafa biyu a kan tabarma, ba motsi.

Ga kumatuna cike, ga idanu a kaina. Tofarwa a ƙofar mamaci rashin ta ido ne. Na haɗiye.

Zazzaɓi ya kwantar da ni, kafur a maƙogwaro, ina jiran a kawo tawa tukunyar. Na warke, kwarjinin ne bai tashi ba. Duk gidan da na shiga sai in ji mata na cewa, "A ɗebo masa na masu rai."

Tun daga nan, kafin in tambayi ruwa yaya yake, sai na tambayi na wane ne.